Tukunyar sabulun mahaifiyata

Shekarun baya, zamanin mulkin soja na farko, na gama digirina na kemistiri a jami'a a Samaru, aka ɗauke ni koyarwa a wata sakandare a Sabon Gari. Na sayi keke, na ɗaura nektai, ina jin kaina.

A aji kuwa, yadda aka yi mana lacca haka nake yi wa yara. In juya musu baya, in cika allo da rubutu, in zuba Turanci har a kaɗa ƙararrawa. Na yi gwajin farko, kusan duk ajin suka faɗi. Shugaban makarantar, wani dattijo mai sanyin murya, ya kira ni ofis ya ce, "Malam, takardarka ta yi kyau, amma yaran nan ba sa jin ka. In zango ya ƙare a haka, zan karɓe ajin."

Wallahi na tsorata. Na koma gida, na tarar da mahaifiyata tana dafa sabulun salo, sana'ar da ta biya mini kuɗin karatu da ita, wadda ko abokaina ba na son su sani. Ta ce, "Wai me kake koya musu ne?" Na ce darasin gobe ma yadda ake haɗa sabulu ne. Ta yi dariya. "Da alli? To ai shi ya sa. Ɗauki tukunyata."

Washegari na ɗaure tukunya, ruwan toka da man kaɗe a bayan keke, kunya kamar ta kashe ni. Muka hura wuta a gindin mangwaro. Sau biyu sabulun ya tsinke mini, sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, wutarka ta yi yawa." Ta karɓi muciya. Da sabulu ya kama, tambayoyi suka yi ta zuwa, na koma allo, a karon farko suna biye da ni.

Shugaban ya zo ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Wa ya koya maka wannan a jami'a?" Na ce mahaifiyata ce. Ya ce, "To ka gaishe mini da farfesa."

Ajin bai bar hannuna ba, da alli na yi ritaya. Har yau ina gode wa Allah da na isar mata da gaisuwar nan tana raye. Cewa ta yi, "Madalla. Ina tukunyata?"