Sunan da Aka Raɗa Don Ni

Shekara uku na yi ban kira sunan yarinyar nan ba, kuma da gangan ne.

A gidan haya muke a unguwar Dilimi, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ɗakin da ke kallon nawa na wata Ibo ne mai sayar da atamfa, shekararta tara da aure ba haihuwa. Wata rana ta kwashe min shanya ta jibge a ƙasa. Na ce da ita gaban kowa, "Yo ina za ki san wahalar wankin yara?" Na yarda na yi baki, amma ita ta fara.

Shekara na zagayowa ta haifi mace. Har shinkafar suna ta aiko min, na ci, sakarya da ni. Daga baya telan bakin layi, wanda ya zauna a ƙasarsu, ya warware min. Ya ce su sunansu magana ce sukutum, ko godiya ga Allah, ko roƙo, ko martani ga maƙiyi. Na jaririyar nan yana nufin, "Kada bakin mutane ya kashe ni."

Wane mutane? Ni ce mutanen!

Kowa a gidan ya gane. Su Ibo da ke gutsure sunan yaransu, wannan ba ta taɓa gutsure shi ba. Sai ta tsaya a ƙofarta, ta fuskanci tawa, ta ja shi tun daga farko har ƙarshe, matan gida na ƙunshe dariya. Na tsane ta, ba ɓoye-ɓoye. Na ƙudura bakina ba zai taya ta zagina ba. Yarinya ta zama "ke".

Ran nan da hantsi ina tsince shinkafa, na hango yarinyar ta tasam ma rijiya, murfi a buɗe. Na ce "Ke!" Ko waiwaye. "Ke!" Ta ɗora hannu a bakin rijiyar tana leƙe. Ban san lokacin da na ƙwala sunan ba, cikakke, har maƙogwarona ya yi zafi. Ta juyo.

Uwar ta fito da gudu ta sunkuce ta. Na zaci godiya za ta yi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Maman yara, ashe kin iya faɗi," ta ce. "Amin."