Mai Lasar Lakar Teku

"Wai tsohon nan laka yake ci?"

"Lasa yake yi. Kai mai digiri biyu, a kashe maka na'ura ka faɗa mana inda muke."

"To, Allah ya ba cikinsa lafiya."

Salmin yana jin su, bai ko ɗago ba. Abokan aikin Dakta Hissa ne, mai binciken da ta ɗauke shi jagoran jirginta tun da wata rijiyar mai ta fashe a ƙarƙashin teku.

A tsibirin Tarut aka haife shi, gidan masu nutso neman lu'ulu'u. Yana shekara tara ya iya aikin dalma, curin awon ƙasan teku: a shafa mata kitse a gindi, a sake ta da igiya, ta taɓo ƙasa ta dawo da yashi. A duba, a shinshina, a ɗora a harshe, sai a san inda ake. Yana sha huɗu aka jawo mahaifinsa daga nutso babu rai. Gari da nisa, ga zafi, sai aka yi masa salla a jirgi aka mayar da shi ruwa. Wurin ba shi da suna a taswira. A baki Salmin ya riƙe shi: farin yashi mai ɓarɓashin ƙwanso, gishirinsa da ɗan ɗaci. Shekara hamsin da 'yan kai, duk bazara sai ya je ya kashe inji ya yi wa tsohon addu'a.

Bana sau uku yana fita neman wurin. Duk inda dalma ta sauka baƙar laka take kawowa, ɗanɗanon kuma ɗaya ne, na kwalta.

Suna shan gahawa da dabino ya gaya wa Dakta Hissa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce man ya kwanta a ƙasa ya kashe tsutsotsi da 'yan ƙaguwoyin da ke juya laka, don haka babu mai tono farin yashin. Ya tambayi yaushe zai wanke. Ta jima tana juya kofi.

"Baffa, wataƙila shekara talatin."

"Ni da nake da saba'in."

Da la'asar suka kafa dogon bututu a ƙasan teku suka zaro shi. Salmin ya matso. Abin da ke cikin bututun, sama baƙi ne wuluk, kamar taki guda, ƙasa kuwa fari tas. Nan take aka shiga yankawa ana zubawa a kwalabe ana liƙewa, don dokar aikin ta hana hannu ya taɓa. Saura wuri ashirin da biyu a jerinsu, kuma ya san mahaifinsa yana ƙarƙashin ɗaya daga ciki, ko kusa.

Ya goge hannu a rigarsa, ya tsaya bayanta har ta waiwayo.

"'Yata, duk bututun da kuka ciro, kafin ku liƙe, ki ɗan ɗebo mini farin yashin can ƙasan in lasa, ko cokali ɗaya ne."