Kawu da Ma'anar Manjo

Jiya na wuce shagon mai guga a Tambuwal, ƙamshin sitaci da gawayi ya tuno mini da marigayi kawunmu, tsohon hedimasta a Kebbe. Ya ɗan tsinci harshen Latin a kwalejin horon malamai, kuma daga nan babu kalmar da ta sake shan iska a gabansa. Sai ya tauna goro, ya tone mata asali.

Ranar da yayana ya zama manjo a soja, ya zo gida cikin kakin da ya sha sitaci har yana ƙara. Zaure ya cika da dattawa. Maimakon ya durƙusa, sai ya ƙame ya sara wa Kawu. Mahaifiyarmu da ke leƙe ta bayan asabari ta dafe ƙirji.

Kawu ya dube shi a natse. "Manjo daga Latin ta fito, maiyor. Shina nufin wanda ya fi wani girma. To, wa kaf fi?"

"Kyaftin, Kawu."

Kawu ya waiga dama, ya waiga hagu. "Jama'a, akwai kyaftin cikinku?"

Yaya ya zube da sauri, wandon ya ce ɓarat! Kawu ya yafa masa babbar rigarsa, ya ci gaba da bayani, idanunsa cike da hawayen alfahari.

Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da masu sauraron bayaninsa har ƙarshe, don mu kullum sulalewa muke yi.