Tulun Ummu Sa'id a Bakin Suwez

Ina da shekara tara aka kawo Kaka Delu daga Kano don ta riƙe mu, domin Umma tana aikin kula da tsofaffi, Abba kuma yana tuƙin tasi. Gidanmu a ƙasar Turawa yake, a unguwar Highbridge, hawa na biyar. Babu murhu balle tsakar gida. Da an idar da magariba sai ta jawo kujera kusa da hita mai ɗumama ɗaki, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, ni da ƙanwata Hadiza mu zauna a ƙasa. Tana yi mana Hausa, Hadiza na mayar mata da Turanci, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba.

Wata rana Abba ya bar talabijin a kunne, ana nuna jiragen yaƙi. Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a kashe.

"Yau ba gizo ba ƙoƙi," in ji ta. "Wannan da idona na gani."

Ashe tana amarya ta zauna a Masar. Kakanmu tela ne, sun fito aikin hajji ta ƙasa, guzuri ya ƙare, suka yada zango a wani gari a bakin mashigin Suwez, kusa da sansanin jiragen soja. Mai gidan da suke haya wata bazawara ce, Ummu Sa'id, ɗanta tilo soja ne, an tura shi hamadar Sina'i.

Kaka ta ce makonni ana ta kirari a rediyo cewa za a gama da Isra'ila. Jiragen Masar kuwa ga su nan jere a fili, fiffike na taɓa fiffike, kamar tattabaru a kan katanga. Ran Litinin da hantsi, tana shanya, matuƙan sun dawo daga sintirin asuba sun zauna karin kumallo, sai ga jiragen Isra'ila sun taho ƙasa-ƙasa, har tana ganin inuwarsu a kan zanen da ta shanya.

Ta dube ni ta ce, "Ba ta wajen da ake jiransu suka zo ba, Rabi. Ta teku suka zagayo. Suka fara farfasa titin da jirgi ke gudu kafin ya tashi, sannan suka bi jiragen ɗaya bayan ɗaya. Kafin hayaƙi ya lafa sun je gida sun sha mai sun dawo."

Rediyo kuwa bai fasa cewa ana cin nasara ba. Ummu Sa'id har guɗa ta yi, hayaƙi na shigowa ta taga.

Bayan 'yan kwanaki sojoji suka fara isowa bakin ruwa a ƙafa, wasu babu takalmi, leɓuna duk sun tsage. Ummu Sa'id ta ɗauki tulu, Kaka ta bi ta da moɗa. Duk wanda aka tsallako da shi su ba shi ruwa, tsohuwar ta leƙa fuskarsa. A rana ta huɗu suka gamu da wani abokin Sa'id. Shi ya faɗa musu yadda aka yi: tankoki suna da su, yawa suna da shi, amma sama ta zama ta abokan gaba. Sai umarni ya zo kowa ya juya baya, ba a ce ta ina ba, ba a ce wa zai tare wa wa ba. Manya suka shige motoci suka yi gaba. Sauran suka cunkushe a wata ƙuntatacciyar hanya tsakanin duwatsu, aka yi musu ruwan wuta. A nan ya rabu da Sa'id.

Hadiza ta tambaya ko Sa'id ya dawo. Kaka ta shafa gwiwarta, ta ce mu tashi mu yi isha'i.

Yanzu ina aikin share jirage a filin jirgin da ke kusa da unguwar Jamaica, a nan birninmu. Nakan fito da ƙafafu a kumbure, in zauna a jirgin ƙasa, waya na nuna mini sabon yaƙi a wannan yanki dai. Na karanta abin da masana suka rubuta a kan wancan yaƙin da Kaka ta gani: shammata, mallakar sama, horo, rikicewar umarni. Duk Kaka ta riga ta faɗa, ita da ko baƙi ba ta iya karantawa ba. Tun daga nan idan na ji wani ɓangare na shelar nasara, hankalina kan tafi ga wanda aka bari a ƙafa.

Shekara guda kafin ta rasu, bayan ta koma Kano, na kira ta. Na ce mata littattafai sun ce kwana shida kacal aka yi ana yaƙin.



"Kwana shida a wajen masu rubutu," ta ce. "Mu wata bakwai muka ƙara a garin. Ranar da za mu tafi ban samu na yi sallama da Ummu Sa'id ba. Ta riga ta fita bakin ruwa."