Firji Mai Rabin Fenti

Mai Firji yana da wata ɗabi'a da bai taɓa iya bari ba. Duk gidan da ya shiga, ko gaisuwa ta kai shi ko dubiya, in dai akwai firji a ɗakin sai ya matsa kusa da shi, ya ɗora tafin hannu a gefensa, ya karkata kai yana saurare. Masu gida su yi ta magana, shi kuwa kunnensa yana wani wuri. Can sai ya ce, "Wannan ya kusa neman gas," ko ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, ku dai janye shi daga bango ya sha iska." Sannan ya dawo ya zauna a ƙarasa gaisawa.

Da kunne ya koyi sana'ar, da kunne ya ci abinci da ita har furfura ta fara fito masa. Shagon da yake aiki na mahaifinsu ne. Kafin tsohon ya rasu ya raba shi biyu da falanki, dama ta Mai Firji, wanda shi ne babba, hagu ta ƙaninsa mai ɗinka labule. Ya kuma bar musu magana guda: falankin nan ba bango ba ne, duk wanda aikinsa ya kasa cika gefensa, ya matsa wa ɗan'uwansa. A ranar murmushi Mai Firji ya yi. Firji sun cika gefensa har bakin ƙofa, wasu ma a waje an lulluɓe su da tamfal. Ƙanin kuwa 'yan yadika ne rataye a igiya, da keken ɗinki mai tari.

Da duniya ta koma cikin waya, 'yarsa ta fari ce ta kai shi. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta Uwata. Ta zauna a kan wani mataccen firji ta buɗe masa talla a shafin bincike.

"Baba, ba kowa zai gan ka ba," ta ce. "Sai wanda firjinsa ya mutu, ya ɗauki waya ya rubuta yana neman mai gyara kusa da shi. Shi sunan shagonka zai fito wa a sama. In bai taɓa sunan ba, ba ka biya komai."

"Wanda firjinsa ke lafiya fa?"

"Shi kuma me zai yi da kai?"

Ya yi dariya ya ce gaskiya ne. Kuma abin ya yi aiki. Waya ta riƙa shigowa, muryoyin duk a ruɗe: mai kanti da kayan sanyinsa suka koma ɗumi, uwa mai ajiyar magani, mai sayar da ƙanƙara da ruwa ya malale masa ɗaki. Ba sa tayi, ba sa doguwar gaisuwa, "Yanzu za ka zo?" kawai suke tambaya. Ya ɗauki jaka ya tafi, ya dawo shiru. Ba wanda ya san da wannan a layinsu, don tallan ba ya fitowa a wayar mai lafiyayyen firji.

Shi kuwa ƙanin, a shafukan zumunta ya sa nasa. Hoto biyu yake haɗawa. Na farko taga tsirara, ɗaki kamar wurin jiran likita. Na biyu ɗakin nan dai, an zuba masa labule mai ninki har ƙasa, haske yana ratsowa a hankali. Mutum yana kwance bayan ya ci abinci, yana murza waya, bai tashi da tunanin labule ba, sai hoton ya zo masa da kansa. Ya ɗaga ido ya dubi tagarsa, daga nan tagar ba ta ƙara yi masa kyau.

Motoci suka fara tsayawa a ƙofar hagu. Mata su fito da waya a hannu suna cewa, "Irin wannan muke so." Mai Firji yana tsugune bayan firji da filaya, yana jin komai ta falanki: dariya, ƙarar sabon keke, da ƙarar wayar ƙanin, wadda ba ta hutawa. Kunnen da ya saba gane ciwon inji, yanzu ya koyi gane wannan ƙara ko a cikin hayaniyar titi.

Ya ci gaba da gyaransa. Aikinsa bai ragu ba, tukunyar gidansa ba ta sauka ba. Sai ranar da wani baƙo ya leƙo, ya dube shi da fara'a ya ce, "Sannu da aiki. Kai ne yayan Mai Labule?"

Shekara da shekaru a layin nan, ƙanin Mai Firji ake cewa.

Da yamma ya kira 'yarsa. "Uwata, rufe wancan tallan. Ki mayar da ni inda Baffanki yake."

"Baba, Baffa abin ido yake sayarwa. Mutum bai san yana son labule ba sai ya gani. Kai kuwa ba a tuna ka sai ruwa ya fara tsiyaya a ƙasa."

"To a riƙa tuna ni kafin nan."

"Mu bar duka biyun mana."

"Wancan wa yake gani? Ko mai askin da ke kallona kullum bai taɓa cin karo da shi ba. Talla ne ko ɓuya?"

Ta san in mahaifinta ya fara goge hannunsa da tsumma alhali ba datti, magana ta ƙare. Ta rufe.

Ya yi yadda ya ga ƙanin yana yi. Aka kawo wani farin firji matacce, ya ɗauke shi hoto. Ya wuni a kansa, ya liƙe bututun da ke yoyo, ya zuba gas, ya canja abin da ya ƙone, har injin ya koma gurnani a hankali kamar kyanwa mai barci. Ya sake ɗaukar hoto daga inda ya tsaya da safe. Ya haɗa su, ya sa aka rubuta "kafin gyara" da "bayan gyara".

Mutane sun gani, wannan kam ba ƙarya. Wani ya rubuta, "Malam, hoto ɗaya ka sa sau biyu." Wata ta ce duk wanda ya nemo bambancin tana da kyauta. Mai aski ya tsallako titi da almakashi a hannu, yana riƙe ciki.

"Mai Firji, ni fa na bayan ya fi burge ni. Kamar ya ɗan yi ƙiba."

"Koma ka ƙarasa wa mutum aski, ka bar shi da rabin kai."

Wannan bai yi masa ciwo ba kamar abin da ƙanin ya yi. Ya leƙo ta saman falanki, da zuciya ɗaya, ya ce, "Yaya, bari in ba ka guntun labule ka rataya a baya, hoton zai fi fitowa."

"Na gode. Bar kayanka."

Washegari ya sayo fenti. Tunda gyara ba ya fitowa a hoto, sai a yi abin da yake fitowa. Ya goge firji da takardar guga mai yashi, ya shafe shi da kore, ya ɗauki hoto. A wannan karon an yaba. Wayarsa ta fara irin ƙarar nan, ya ajiye ta a kan falanki don a ji daga hagu. Wuni ya koma na gugar ƙarfe da jiran fenti ya bushe, inji kuwa sai gobe. Wata mai kanti ta karɓi firjinta yana sheƙi, ta dawo da shi a kan kurar turawa kafin dare.

"Malam, sanyi na kawo a gyara mini. Launinsa bai taɓa damuna ba."

Masu kira yanzu ba a ruɗe suke ba. Su tambayi ko yana fentin ƙofa, su yaba hoto, su ce za su sake kira. Gefen dama ya fara zama fili. Tamfal ɗin waje aka naɗe shi.

Ƙanin ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya furta. "Yaya, yadika sun iso, ba inda zan sa. Ko za a ɗan matsa falankin? Tafin hannu kawai."

Aka matsa. Bayan wani lokaci aka sake matsawa. Ba a taɓa ambaton maganar tsoho ba, don ba wanda ya manta ta.

Da firjin mutane suka ƙare, sai ya jawo na mahaifinsu daga lungu, tsohon farin firjin da ya fara koyon aiki a kansa. Ya ce wannan in ya sha shuɗi, hotonsa zai zaga gari. Ya kai rabi ke nan, da rana tsaka, sai babur ya tsaya a ƙofa. Wani mutum ne da tukunyar gas ɗaure a baya da jakar kayan aiki a kafaɗa. Matar ƙanin ta fito daga gefen hagu tana nuna masa hanyar gidansu. Tana juyowa suka haɗa ido da Mai Firji.

Ta rusuna. "Yaya, wallahi ba raini ba ne. Firjinmu ne ya tsaya, ga maganin yaro a ciki. Na ruɗe, na rubuta a waya, shi ne ya fito a sama." Ta dubi burushin da ke hannunsa, ta sunkuyar da kai. "Kuma na ga kamar yanzu fenti kake yi."

Daga hagu keken ɗinki ya yi shiru.

"Ba komai," in ji Mai Firji. "Ki ce ya fara duba wayar wuta kafin ya taɓa gas."

Ya tsoma burushin a gwangwani, ya ɗora a saman firjin. Sannan ya juya firjin ya buɗe bayansa, ya yi ta aiki har yamma ba tare da ya ɗauki hoto ba. Da injin ya tashi, ya ɗora hannu ya saurara, ya gyaɗa kai. Ya ɗauki guduma ya zare ƙusoshin falankin da kansa.

"Yaya, ban ce ka yi haka ba," ƙanin ya ce.

"Ba kai ka ce ba."

'Yar ta so ta sake buɗe masa tallan bincike. Ya ce, "Wane shago za ki rubuta, Uwata? Na Mai Labule?" Ba ta sake tayar da maganar ba. Daga gida yake fita da jakarsa yanzu, in tsofaffin mutanensa sun tuna da shi.

Firjin yana nan a ƙuryar shagon labule, masu jira suna shan ruwan sanyi daga cikinsa. In za a ɗauki hoto, akan yafa masa guntun yadi. Ƙanin ya sha aika masa ya zo ya ƙarasa fentin, ko ya ba da izini a kira wani. Yakan zo kuwa, lokaci-lokaci. Ya ratsa ta cikin labulen ba tare da ya dube su ba, ya ɗora tafin hannu a ɓangaren da ke fari, ya karkata kai.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce, ya fita.

Gwangwanin yana saman firjin, burushin ya bushe a ciki.