Farantin Tallar Ummi

Jiya muna tsaka da taron neman gudummawa a Madabo, na ƙungiyarmu mai raba yara da talla ta mayar da su makaranta, sai ga Inna Habi da faranti a ƙarƙashin mayafi.

Bara muka saya mata injin markaɗe, 'yarta Ummi ta daina yawon tallar awara ta koma aji.

Ta ajiye farantin a gaban Alhajin da ke karɓar gudummawa. Duk ya lotsa, fentinsa ya goge.

Ya ce, "Inna, ai ke ba a ɗora miki komai ba. Koma da abinki."

Ta ce, "Alhaji, na tallar Ummi ne. Duk ranar da injin ya wuni shiru, ban ɗora tukunya ba, idona kan farantin nan yake zuwa. Ku raba ni da shi tun kafin zuciya ta rinjaye ni."

Wallahi wurin ya yi tsit. Mu abin da ya yi saura muka bayar, ita kuwa madogararta ta ranar yunwa ta miƙa.

Don Allah ku faɗa min, jiya wa ya kai ta kyauta?