Ashanar Lawali da Tsagar Gadar Garinmu

Da daminar bana, ƙanena Lawali ya cika shekara bakwai a ƙasa. Allah ya ji ƙansa. Na so in rubuta irin abin da aka saba, cewa mutum ne mai haƙuri da son zumunci, kowa ya ce amin a tashi. Amma abin da ya faru ran Talatar da ta wuce ya hana ni wannan sauƙin.

Ga wanda bai san shi ba: Lawali malamin lakol ne, wato makarantar boko, kamar ni, sai dai shi allo bai ishe shi ba. Ya koma jami'a da furfura a gemu, ya ɗauki bincike a kan manyan motocin kaya da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa. Mutanen Madarunfa suka ce karatu ya taɓa shi, don ba su taɓa ganin mai hankali ya yini a bakin titi yana kallon tayar kamyo ba.

Abin da ya gano ba shi da wuyar faɗi. Mota takan tafi da lodin da ya fi ƙarfinta, ta dawo wayam tana ƙona gazuwal a banza. Da masu motoci za su haɗa kai, a raba kaya tafiya da dawowa, da mota ta huta, hanya ta daɗe, direba ya tsufa a gidansa. Ya rubuta, ya kai wani ofis, aka yaba masa kyan rubutu. Ina jin rahoton na nan lafiya lau, in gara ba ta riga shugabanni karanta shi ba.

Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ƙaramar gadar da ke kan koramar bayan garinmu, a hanyar jar ƙasa. Don amalanken jaki da ƙananan motoci aka gina ta. A gindinta akwai tsaga. Lawali ba shi da na'urar awo, sai ashana. Kowace damina yakan sauka ƙarƙashin gadar, ya jera tsinkayen ashana a cikin tsagar, ya rubuta nawa suka shiga. Shekarar da ya fara, ɗaya ne, shi ma da ƙyar. Shekarar da ciwo ya kwantar da shi, uku. Ya miƙa mini kwalin ashanar a gadon asibiti. Na karɓa don kada in ɓata wa majinyaci rai, na jefa a akwati, na manta.

Da zai leƙo yau, me zai ce? Tun lokacin da aka rufe iyaka, direbobi suka koyi hanyoyin bayan gari, kuma ko da aka buɗe ba su manta ba. Hanyar gadarmu na rage musu tafiya da tsaye-tsaye. Yanzu kamyo ne ke bi ta kanta, buhuna sun yi tozo har sama. Cikin masu bin kuwa har da Nasiru, ɗan Lawali na fari, wanda ya tashi a hannuna, yau magidanci mai 'ya'ya biyu.

Ran Litinin aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari da safe na ji Nasiru zai fito da lodin wake ta nan. Ban san me ya tashe ni ba. Na buɗe akwati, na ɗauko kwalin, na gangara korama da tsofaffin gwiwoyina. Na fara jera tsinke. Na wuce uku, na wuce goma. Sai na bar lissafi na sa hannu, yatsuna huɗu suka shige. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan kam damo ma zai shiga da iyalinsa.

Ina hawowa na ji rurin mota. Na tsaya a tsakiyar gadar. Ba jarumta ba ce, ƙafafuna ne suka ƙi gudu. Nasiru ne. Ya taka birki, motar ta yi ta ja kamar ba za ta tsaya ba, ta tsaya ina jin zafin injinta a fuskata.

Ya diro yana haki. "Baba! Mi ya yi zahi haka? So kake a ce na take ubana?"

"Sauka ƙasa ka gani."

"Baba, jiya-jiya motoci sunka bi ta nan. In na zagaya ta kwalta, mai kaya ba ya ƙara ba ni lodi."

"Ban ce ka zagaya ba. Ungo. Ubanka ya bar ta a uku."

Ya dubi kwalin, ya gane shi, don yana yaro ya sha raka uban. Ya sauka. Ya daɗe. Bayansa wata kamyo ta iso, direbanta na danna oda yana cewa a kawar da tsohon nan, ko makaranta za a buɗe a kan hanya? Ni kuwa ina tsaye, ban san abin da zan yi ba in Nasiru ya fito ya ce in matsa.

Ya fito wandonsa duk laka. Wajen ɗayan direban ya nufa, ya kama hannunsa: "Taho, abokina, gani ya kori ji." Suka sauka tare. Da suka hawo, babu mai oda. Motocin biyu suka yi ta baya-baya har suka sami wurin juyawa.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Gadar na nan da tsagarta, damina ba ta kai rabi ba, kuma ba kowane direba ne ke da baba mai taurin kai ba. Nasiru ya rasa mai kayan nan, kamar yadda ya faɗa. Ya ce zai kai maganar gaban sandika, wato ƙungiyar direbobi. Ko za su saurara, Allah masani.

Na sha tambayar kaina me ya rage na Lawali. Ba rahoton ba ne, ba kuma digirin da bai kai ga karɓa ba. Da yammacin Talatar na aika a karɓo mini kwalin ashanar in mayar akwati. Nasiru ya aiko cewa in yi haƙuri, yana aljihunsa, akwai wasu gadoji biyu a hanyar Safo.